Awa Ɗaya da Minti Goma Sha Biyu

Duk abin da ya shigo gidansa sai ya manna masa 'yar farar takarda ya rubuta kwanan wata. Kwalbar magani, tukunyar gas, sabon ƙwan fitila, har takalman makarantar yara. Kuma ba yadda kowa ke rubutawa ba. Da shekara yake farawa, cikakkiya da lambobinta huɗu, sannan wata, sannan rana. Matarsa takan ce da ya samu dama da ita ma ya manna mata ɗaya a goshi.

"Ke ai na haddace taki," in ji shi.

"To faɗi."

Sai ya faɗa, shekara a gaba, ita kuma ta yi tsaki tana dariya.

A asibitin da ya yi aiki Baba Rumbu ake kiransa, saboda shi ke riƙe da rumbun bayanai, wato inda sunan kowane majinyaci da duk abin da aka yi masa ke kwance a cikin kwamfuta. Ba karatun abin ya yi ba. A ɗakin kati ya fara, yana saurayi, yana jera fayil a kanta har tsakar rana ba ya ganin hasken waje. Da aka kawo kwamfuta sauran ma'aikatan ɗakin suka ja da baya, shi kuwa ya ɗauki wani ƙaton littafi da masu haɗa na'urar suka manta, ya riƙa bin sa shafi shafi har bangon ya fita. Cikin shekara uku ba wanda ke taɓa rumbun sai da izininsa.

Abin da ya fi ji da shi shi ne lokaci. Kafin ya karɓi aikin, 'yan matan teburin karɓar baƙi kowa yadda ta ga dama take rubuta rana. Wata ta sa uku ga huɗu, wata huɗu ga uku, wata ma ta rubuta “jiya”. Ya hana. Ya tara su ya ce gurbin lokaci a rumbu iri huɗu ne. Akwai mai riƙe rana kaɗai, kamar ranar haihuwa. Akwai mai riƙe awa da minti, ba ruwansa da rana. Akwai mai haɗa biyun. Na huɗun yana haɗa biyun, ya kuma ƙara shaidar agogon wane yanki na duniya aka duba.

"Mu wanne za mu riƙe, Baba?" in ji ɗayarsu.

"Na uku."

"Ba na huɗun ya fi ba?"

"Jirgin sama muke tuƙawa? Asibiti ɗaya, gari ɗaya, ga agogo can a bango. Me za mu yi da yanki?"

Suka yi dariya, shi ma ya yi. Magana ce mai kan gado, kuma shekara goma sha ɗaya ba ta ba shi kunya ba.

Ya yi wata dabara kuma da yake alfahari da ita. A teburin karɓar baƙi ba mutum ke rubuta lokacin isowar majinyaci ba. Da an shigar da suna, babbar na'urar da ke ɗakin sanyi da aka keɓe mata za ta duba agogon cikinta ta buga lokacin da kanta. A ɗakin gaggawa kuwa ya bar ma'aikatan jinya su riƙa duba agogon bango suna shigarwa da hannu, don su sai sun gama da mutum suke zama rubutu.

Wata damina wuta ta yi wasa, babbar na'urar ta ƙone. Ɗan kwangila ya kawo sabuwa ya haɗa. Baba Rumbu ya kwana biyu yana mayar da bayanai daga ajiyar da yake yi duk mako. Ya ƙirga layukan kowane tebur, wato kowane jerin bayanai a rumbun, ya gwada da na da, ko ɗaya bai ɓata ba. Babban likita ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane. Komai ya duba a na'urar nan, in ban da abu ɗaya da bai taɓa zuwa masa a rai ba.

A mako na uku aka kawo wani dattijo da rana yana riƙe da ƙirji. Bai kai yamma ba. Dattijon yana da 'ya'ya maza da suka san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa, suka ce an bar mahaifinsu a kan benci har rai ya yi halinsa. Aka kafa kwamiti. Wadda ke aiki a ɗakin gaggawa ranar ita ce Sista Mai Tabarau, shekararta goma sha tara a asibitin, mace mai faɗa da masu zubar da auduga a ƙasa, mai kuma ajiye alewa a aljihu saboda yara masu tsoron allura.

Aka kira Baba Rumbu aka ce ya fito da lokuta. Aikin bai kai shan ruwa ba. Layi ɗaya ya rubuta: a cire lokacin isowa daga lokacin da aka fara duba majinyaci. Isowa, ƙarfe biyu da minti goma. Dubawa, uku da minti ashirin da biyu. Na'ura ta ba da amsa, ya buga a takarda, ya sa hannu, ya kai ɗakin taro.

Babban likita ya karanta da ƙarfi. "Awa ɗaya da minti goma sha biyu."

Sista ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Ranka ya daɗe, ban yi kwatan awa ba. Ina ɗaure hannun wani yaro aka shigo da shi, ina gamawa na nufe shi. Wallahi ban yi kwata ba."

"To uku da ashirin da biyun nan wa ya rubuta?"

"Ni na rubuta."

"Biyu da goman fa?"

Yarinyar da ta karɓi dattijon ta ce ita ba ta duba agogo ba, ai an ce musu ba aikinsu ba ne. 'Ya'yan mamacin suka ce su kam gani suka yi kamar wuni suka yi a wurin. Sai wani daga cikin 'yan kwamitin ya juyo.

"Baba Rumbu, lokacin isowar nan, wani zai iya taɓa shi da hannu?"

"Ba mai iyawa," in ji shi. "Na'ura ke bugawa da kanta. Ni na tsara shi haka."

Gaskiya ya faɗa. Har ya ɗan gyara zama lokacin da yake faɗa.

Aka sallami Sista. Hukumar ma'aikatan jinya ta karɓe takardar izininta. Ranar da za ta tafi ta bi ofis ofis tana sallama, ta leƙo nasa ta ce, "Baba, a yafi juna." Ya ce ba komai, Allah ya sa haka shi ya fi alheri.

Bayan kamar mako uku ya kawo matarsa a duba mata hawan jini. Ya bar ta a layi ya shiga ofis, ya buɗe teburin isowa don ya ga mutum nawa ke gabanta. Ga sunanta, ga lokaci a gefe: takwas da minti biyar. Ya dubi agogon hannunsa, tara da minti bakwai. Ya leƙa baranda ya dubi na bango, haka. Ya tashi ya buɗe ɗakin sanyi, ya tambayi babbar na'urar ƙarfe nawa. Ta ba shi amsa da agogon duniya, wanda masu rediyo ke kira GMT, wanda garinsu ke gabansa da awa ɗaya. Haka ta zo daga inda aka ƙera ta, ɗan kwangila bai juya ta ba, shi kuma bai tambaya ba.

Mutumin da ya shekara talatin yana gyara kuskure da ya gan shi, hannunsa ya riga kansa. Kafin rabin minti ya mayar da agogon daidai. Bai kira kowa ya gani ba, bai buga komai a takarda ba, bai rubuta a littafin aiki ba. Sai da ya ja ƙofar ɗakin zai kulle ya tsaya, makulli a hannu. Biyu da goma. A ƙara awa ɗaya, uku da goma. Daga nan zuwa uku da ashirin da biyu, ko ɗan firamare ya san amsar.

Ya koma ya zauna ya buɗe layin dattijon. Yana nan yadda yake, biyu da goma, ba wata alama a jikinsa da za ta ce da wane agogo aka buga shi. Gurbi iri na uku ba ya riƙe wannan.

Matarsa ta same shi a haka. "Malam, an gama da ni tun ɗazu. Lafiya? Ko kai za a gwada wa jinin?"

"Sanyin ɗakin can ne," in ji shi.

Kwana huɗu yana neman shaida, kuma ya samu, don ya san aikinsa. Ɓangaren ganin likita na yau da kullum ƙarfe takwas ake buɗe shi, ba a taɓa buɗewa kafin haka ba. Ya umarci rumbun ya tsamo masa mutum na farko a kowace rana, ya ciro awar da aka rubuta shi. Shekara da shekaru takwas da 'yan mintuna. Sai daga ranar da aka haɗa sabuwar na'ura, bakwai da 'yan mintuna, bakwai, bakwai, har kwana arba'in da ɗaya. Daga ranar da ya taɓa agogon ta koma takwas. Ya buga, takarda biyu, ya kai wa babban likita.

Babban likita ya karanta a tsanake, har da bin layi da biro. Ba wawa ba ne, ya gane tun a shafin farko. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Wa ya ga wannan?"

"Kai kaɗai, ranka ya daɗe."

"Takardar da aka kai wa kwamiti, sa hannun wa ke kai?"

"Nawa."

"Wa ya ce musu ba mai iya taɓa lokacin nan?"

"Ni."

"Yanzu kuma kana gaya mini ka shiga kai kaɗai ka juya agogon, ba shaida, ba rubutu. In lauya ya tambaye ka me kuma ka juya a ranar, me za ka ce?"

Babban likita ya koma kujerarsa ya ci gaba.

"Iyalan mamaci sun haƙura. Hukuma ta rufe fayil. In aka buɗe, duk wanda ya rasa ɗan'uwa a kwana arba'in da ɗayan nan zai zo da nasa. Ni ba hana ka zan yi ba, Baba, kai babba ne. Yaranka nawa a makaranta?"

"Huɗu."

"Allah ya raya." Ya miƙo masa takardun.

Ya ninke su huɗu ya sa a aljihun gaba. A watan ya sauya duk gurabun lokaci na asibitin zuwa iri na huɗu, mai shaidar yanki. Aiki ne mai kyau, ya ci masa Asabar uku. Ba wanda ya lura an yi.

Matarsa ya gaya wa, wata Lahadi tana guga. Ta ajiye dutsen gugar ta daɗe tana kallon rigar da ke gabanta.

"Baiwar Allah," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ka bari babbar 'yarmu ta gama jami'a tukuna. Saura shekara biyu."

Babbar ta gama. Mai bi mata ya shiga. Ba su sake tayar da zancen ba, sai dai duk ranar da aka ambaci asibiti a gidan, ita ce ke fara sauya magana.

Sista ta buɗe 'yar rumfar ɗinki a kan titin da yake bi zuwa tashar mota. Ya sauya hanya, ya riƙa zagayawa ta bayan gidan mai, tafiyar minti ashirin a maimakon bakwai. Ya shekara biyar a haka. Ranar da aka toshe hanyar bayan ana gyaran kwalbati, ya bi ta gaba da sauri, kai a ƙasa.

"Baba Rumbu! Kai ne ka tsufa haka? Ina ka kai gashin?"

Ta ture keken ɗinki ta jawo masa kujera. Tabarau ɗin nan dai, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta tambayi matarsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko har yanzu masu shara na zuba auduga a bayan ƙofa. Ya amsa abin da ya iya. Takardun suna aljihunsa, ba su taɓa barin jikinsa ba, yana jin gefensu a ƙirji.

"Sista," in ji shi, "maganar nan ta wancan lokaci."

"Kai, Baba, bar ta. Kada ka sa wa ranka komai, kai aikinka ka yi." Ta ɗauki almakashi ta ajiye. "Da farko na yi ta rantsuwa, har 'yan'uwana suka gaji da ni. Daga baya na zauna na yi wa kaina adalci. Yaron nan da nake ɗaure wa hannu, ƙuna ce, yana ta ihu. Wataƙila na daɗe a kansa fiye da yadda na zata. Mutum yana ruɗewa, na'ura me zai ruɗa ta? Na daina musu. Bawan Allahn nan a hannuna ya tafi, kullum sai na roƙa masa, na roƙa wa kaina."

Ya buɗe baki. Wata mata ta iso da buhun kayan makaranta tana cewa gobe take so, Sista ta ce gobe ai sai dai ta kai wa aljani. Suka hau ciniki da raha. Ya miƙe.

"Allah ya yafe mana," in ji shi.

"Amin, Baba. Ka gaida Maman yara. Ka kawo wandon nan in rage maka, ya yi maka yawa."

Bai kai ba. Ya koma bin bayan gidan mai tun kafin kwalbatin ya bushe.

Da ya yi ritaya aka yi masa 'yar walima a ɗakin taron nan, aka ba shi agogon bango a kwali. Wani sabon kamfani ya zo da sabon tsari, suka kwashe bayanan shekara biyar na baya, suka ce sauran ba a bukata. Tsohuwar na'urar ta yi shekara a sito, daga baya aka haɗa ta da karyayyun gadaje aka fitar. Babban likita ya koma wani gari. Abin da ya rage a duniya na kwana arba'in da ɗayan nan shi ne takarda biyu masu ninki huɗu, tawadar ta fara komawa ruwan toka.

A lokacin yara duk sun gama. Ba sauran abin da za a ƙwace masa. Ya sayi takardun rubutu masu layi, ya share teburin cin abinci, ya ce zai rubuta wa hukumar ma'aikatan jinya. Sista ta wuce shekarun komawa aiki, ya sani. Amma hukuma na iya goge abin da ta rubuta a gaban sunanta, kuma in takarda mai hatimi ta je hannunta, wataƙila ta yarda da kanta.

Ya yi wata uku yana rubutu, safe safe, bayan ya sha magani. Babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a sakandare, ta zo hutu ta ɗauka ta karanta a tsaye.

"Baba, wannan wasiƙa ce ko darasi? Iri na ɗaya, iri na biyu. Jarrabawa za ka ba su?"

"Sai sun gane gurbin kafin su gane kuskuren."

"To na gane. Har da yadda ake cire lokaci daga lokaci na gane, ni da na tsani lissafi. Amma wa aka zalunta? Shafi biyar ban ga sunan mutum ko ɗaya ba."

"Yana zuwa."

"Kuma wa ya gano agogon ba daidai yake ba? Me ya yi da ya gano?"

"Na ce yana zuwa. Ajiye mini, za ki ɓata jerin."

Uwar ta leƙo daga kicin ta ce wa 'yar ta zo ta kama mata aiki, ta ƙyale mahaifinta.

Rubutun yana da kyau, duk wanda ya gani ya faɗa. Ya bayyana gurabun nan huɗu yadda ko ɗan kasuwa zai fahimta. Ya bayyana yadda na'ura ke buga lokacinta, da yadda ake tsamo awa daga cikin kwanan wata, da dalilin da ya sa bakwai ba za ta yiwu ba a ƙofar da ake buɗewa takwas. Ya kwafe kwana arba'in da ɗayan da hannu, layi layi, don tawadar asalin na gudu. Shafi na biyar ya ƙare a safiyar da wani ma'aikaci ya shiga ɗakin sanyi ya tambayi na'ura ƙarfe nawa.

Da ciwon ajali ya zo bai ja shi da nisa ba, kwana tara ne. A asibitin nan ya cika, a sabon ginin da bai san hanyoyinsa ba. Sista ta rufe rumfa ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da matarsa, ta ce ita dai a zamanta da mutane ba ta ga mai tsoron ƙarya irinsa ba. Matar ta ce haka ne, ta tashi ta ce bari ta duba ruwa.

Bayan mako biyu babbar 'yar ta zo kwashe kayan teburin. Shafuka biyar suna jere, an danne su da kofi, tsofaffin takardu biyu a ƙarƙashi. A gefe akwai na shida. Ya ja masa layi a hagu da rula kamar sauran, ya rubuta lamba shida a sama ya kewaye ta. Ba komai a ƙarƙashinta.